Ranar Sunan Bushiya

Wata tara ina yawo da ita a jakar leda
daga Gwammaja zuwa maɗaba'a a Fagge:
Bushiyar da ta shigo birni neman aski,
shafi ashirin da huɗu.
Sagiru ya zana ƙayoyinta ɗaya bayan ɗaya
da fitilar waya in an ɗauke wuta,
har ya ce, "Anti, ko a mafarki suna soke ni."

Ranar Asabar muka yi suna.
Kujera ɗari da hamsin na haya,
lemo kwali goma na bashi,
ƙyalle a bakin ƙofa, an cinye wasali ɗaya a sunana.
Goma na safe aka sa.
Sai bayan azahar babban mai ƙaddamarwa ya aiko direba:
Alhaji Ɗanjummai ya yi tafiya, yana gaisuwa,
ya sayi kwafi biyar a kan kuɗi mai kauri,
a zo ofis ranar Litinin.
Aka tafa, ni ma na tafa.
Litinin ɗin nan har yau ba ta waye ba.

Mai sharhi ya ci minti arba'in
kan tarbiyya da lalacewar zamani,
littafin na hannunsa, ko ledar bai ɓare ba.
Janareta ya yi tari, lasifika ta shaƙe,
manya suka shiga duba agogo.

Can baya, inda iskar fanka ba ta kaiwa,
Tasallah, 'yar mai hayar kujeru,
ta haye tulin kwalaye, ta lashi yatsa, ta buɗe.
Ta kai inda Bushiya ta shiga adaidaita,
fasinjoji suka watse, kowa na sosa kwiɓi,
sai ta ƙyalƙyale da dariya
daidai tsakiyar addu'ar tashi.
Uban ya zare mata ido.
Ni kuwa nan na ji kukan jaririyata na farko.

Ta ja mini mayafi a bakin ƙofa:
"In wanzami ya aske ta, da me za ta tare kare?"
Na ce, "Karanta gaba."
Ta ce, "Ban iya baƙin ba tukuna, hoton nake karantawa."

Kwali shida suka biyo ni gida,
suka tare a ƙarƙashin gado.
Malam Tanimu na Sabon Gari ya juya bango, ya juya baya:
"Yana fitowa a jarrabawa?"
Gidan rediyo suka ba ni minti bakwai
tsakanin tallan maganin basir da cigiyar akuya.
Shugabar makaranta a Hotoro ta ce
in bar goma, a gani bayan hutu.
A Ɗorayi ba aji, sai gindin darbejiya;
na yi muryar Bushiya, na yi muryar wanzami,
na yi haushin kare har maƙogwaro ya dishe,
yara sittin, ciniki uku,
ɗaya ma da canjin kuɗin tara aka haɗa.

Maigidana ya ce, "Baturiya, wannan kasuwa ce ko sadaka?"
Na ce tuwo na kan wuta.

Jiya a cunkoson Ƙofar Ruwa
na hango yaro kan bencin mai shayi,
ƙannensa biyu sun manne masa a kafaɗa.
Bangon ya yage, man ƙosai ya ratsa shafi na tara.
Yana ba su labarin, amma ba nawa ba:
a nasa, Bushiya ce ta buɗe shagon aski,
kare ya zo, ta yi masa ƙwal-kwabo.

Ban sauka na gyara masa ba.
Hanya ta buɗe, na baya suna ta oda,
na ce wa mai adaidaita, "Ɗan dakata,
ina so in ji yadda ya ƙare."